Kwalbar Saiwar Tumfafiya

Dija matar Bature maƙeri ta cika ranar Juma'a, tsakanin azahar da la'asar, mazan Tungar Kirya suna kan hanyar dawowa daga masallacin Bukkuyum. Surukarta ce ta same ta a bakin gado ta dafe ƙirji, ta yi amai har ba abin da ya saura, jaririnta ɗan wata huɗu yana tsala kuka a kan tabarma. Dija ta daɗe da ciwon fuka, kowa ya sani, kuma da abin ya tsaya nan da an ce kwana ne ya ƙare, an yi haƙuri. Amma a gindin gadon an tsinci ludayi da wata 'yar kwalba mai ruwan ƙasa, saura ɗigo kaɗan a cikinta, an manna mata takarda da jan rubutun boko. Mutum ɗaya ne a duk garin yake da irin wannan kwalba.

Shitu ɗan Iyatu ne, saurayin da ya tafi jami'a koyon haɗa magunguna. Wannan daminar ta alif ɗari tara da tamanin da biyu ya zo hutu da akwati biyu cike da kwalabe, da risho, da jarkar sifirit, ya karɓi wani ɗaki a bayan gidansu yana dafe-dafe. Tun lokacin ake gunaguni. An ji shi da bakinsa yana cewa a makarantarsu ɓeraye ake fara ba wa magani a ga yadda za su yi. To ranar nan sai mutane suka haɗa wannan da wancan, suka ce ɓeraye sun yi wa yaro kaɗan, ya koma gwadawa a kan matan mutane.

An binne Dija kafin magariba. Daga maƙabarta Bature bai koma gida ba, maƙerarsa ya nufa ya ɗauko guduma, danginsa suka bi bayansa. Da Magaji Namadi, mai garin, bai riga su kai wa ga Shitu ya jefa shi ɗakin zaurensa ya tsaya a ƙofa ba, da gawa biyu aka binne a yini ɗaya. Magaji ya tura mai keke Gummi wurin 'yan sanda. Suka aiko cewa rafi ya cika, sai Lahadi motarsu za ta iya ƙetarowa.

* * *

Asabar da sassafe Mainasara ya shigo gari. Mai bin sawu ne, dattijo siriri mai shekara sittin da 'yan kai, wanda daga Anka har Gummi in an kore wa mutum shanu shi ake nema. Ba shi da yawan magana, ba shi kuma da daɗin sha'ani, amma ba a taɓa kama shi ya nuna sawun da ba shi ne ba. Kwana uku ya yi a daji bayan wasu raƙuma, ko ruwa bai sha ba Magaji ya aika a kira shi.

"Gobe da hantsi 'yan sanda za su tahi da wanga yaro," in ji Magaji. "In sunka tahi da shi da sunan kisa, ba ya dawowa. In kuwa ban ba da shi ba, Bature shina nan waje. Shi dai yaron ya ce sace kwalbar anka yi. Ka duba mani."

Aka buɗe ɗakin. Shitu yana zaune a ƙasa, leɓensa ya kumbura, gilashin idonsa ya tsage gefe guda.

"Mi ac cikin kwalbar?" Mainasara ya tambaya, ko gaisuwarsa bai amsa ba.

"Saiwar tumfafiya ce, Baba."

"Tumfafiya ba ta kashe mutum. Tun ina yaro ni ka ganin ana jiƙa ta ana sha."

"Ana jiƙa guntu kamar ɗan yatsa a cikin tulu guda na ruwa. Ni kwando biyu na haƙo. Na shanya, na daka, na jiƙa a sifirit kwana bakwai, na tace, na ɗora a wuta kaɗan-kaɗan har duk ƙarfin kwando biyun nan ya koma cikin 'yar kwalbar nan. Makaranta zan kai a auna abin da ke ciki, shi ne aikina na shekarar ƙarshe. Baba, cokali ɗaya ya isa ya tsayar da zuciyar bijimi. Ba na sha ba ne."

"Wa kab ba?"

"Wallahi ban ba kowa ba. Na kulle ɗaki na sa mabuɗi a saman ƙofa, na tafi Juma'a. Na riga mutane dawowa, na tarar da ƙofa a kulle yadda na bar ta, kwalba babu. Ina cikin nema na ji kururuwa."

"Wa yat taɓa roƙonka ita?"

Shitu ya yi 'yar dariyar da ba ta da daɗin ji. Wa ne bai roƙa ba? Duk mai ciwon baya da mai tari sun zo, suna ganin rowa yake yi. Amma waɗanda suka matsa masa biyu ne: Dikko Bafillace, wanda shanunsa ke mutuwa, da Malami mai magani, wanda ya tsare shi a kasuwa ya ce ɓarawon sani ne, kuma sai ya ga bayan kwalaben nan.

"Wa yan nuna maka saiwar?"

"Inna Hure. Ita ta koya mini duk abin da na sani na itatuwan nan. Sati shida muna shiga daji tare."

Mainasara ya gyaɗa kai ya wuce wannan. Hure yayarsa ce, ciki ɗaya. Ita ta riƙe shi bayan rasuwar innarsu, ita ce ungozomar garin, duk wanda ke ƙasa da shekara arba'in a Tungar Kirya a hannunta ya faɗo. Ita ce ma ta yi wa Dija wankan gawa jiya.

* * *

Gaban ɗakin Shitu ba abin da ya rage na karantawa. Rabin gari sun tattake wurin jiya, maza da mata da awaki, sai ka ce an tashi kasuwa. Mainasara ya tsaya ya yi tsaki, ya zagi mutanen garinsu a ransa, sannan ya zaga baya. Can ƙarƙashin 'yar tagar, inda ƙasa ke da laima tun ruwan Alhamis, ya ga abin da yake so: takalmin roba irin na makiyaya, dugadugin hagu ya cinye ta waje, da ramin sanda a gefen dama. Mai sawun ya yi ɗage a kan yatsunsa ya leƙa ciki.

Sawun bai ɓoye kansa ba. Ya ratsa gonakin gero, ya sauka fadama, ya haura tudu, ya kai shi har rugar Dikko. Tun daga nesa ungulu suka sanar da shi halin da ake ciki. Shanu uku ne kwance a bayan ruga, sauran kuma ƙashin haƙarƙarinsu a waje.

Dikko bai musa ba. Ya ce ya je, ranar Juma'a da hantsi, ya leƙa ta taga ya ga kwalabe a jere. Ciwon sammore ya cinye masa shanu tara, kuma an ce masa maganin ɗan boko ya fi na kowa ƙarfi.

"Ka shiga?"

"Da na san inda mabuɗi yake, Baffa, da na shiga. Ba zan ɓoye maka ba. Na tsaya na kalla, na ji kunya, na koma."

Mainasara ya riga ya san haka. Sawun dawowa ya taso ne daga taga kai tsaye, bai zaga ta ƙofa ba, kuma tafiyar mutum ce wanda ba abin da yake gudu. Ban da haka, me zai kai Dikko ɗakin matar maƙeri? In da ya samu kwalbar, bakin saniya zai ɗura ta. Duk da haka ya ce masa gobe da hantsi ya zo zauren Magaji.

* * *

Malami mai magani yana zaune a rumfarsa, tsakanin ƙullin sassaƙe da fatun dabbobi, ya ji daɗin abin da ya faru har ya kasa ɓoyewa. Mutum ne mai baki, irin wanda in ka tambaye shi hanya sai ya ba ka tarihin kakansa.

"Na hwaɗi, ba a ji ba," ya ce. "Yaro ya zo da littahi shina rubuta abin da munka gada, shi tahi birni shi ce shi yag gano. Itace ba ya son a matse shi. Yadda Allah yay yi shi haka a ka shan shi."

"Ka ce sai ka ga bayan kwalabensa."

"Na ce. Yau ma ina cewa."

"Ina kake jiya da azahar?"

Nan bakin Malami ya ɗan mutu. Bai je Juma'a ba, an lura. Ya yi ta kewaye-kewaye, Mainasara kuwa ya zuba masa ido har sai da ya gaji ya ɗage bakin wandonsa. Ƙafar dama ta kumbura ta yi suntum, an naɗe ta da tsumma, wari na tashi. Kurkunu ne, sati biyu ke nan, kuma mai maganin gari ba ya son a san ya kasa warkar da ƙafarsa. Jaki ke kawo shi rumfa tun asuba, jaki ke mai da shi. Mai irin wannan ƙafa ba zai tsallaka dokin ƙofa ba tare da ya bar jan sawu kamar na kada ba, kuma Mainasara bai ga irinsa a ko'ina ba.

* * *

Gidan makoki cike yake da mata. Mainasara ya tsaya a zaure aka kira masa surukar Dija, tsohuwa Aisatu, wadda idonta ya yi jawur.

"Jiya, bayan maza sun tahi masallaci, wa yash shigo gidanga?"

"Ba kowa."

"Ki tuna dai."

"Ina nan bakin murhu tun hantsi. Ba baƙon da yash shigo, namiji ko mace. In yaron nan ya ba ta kwalbar, to tun kahin jiya na, ta ɓoye."

Ya duba zauren da kewayen ɗakin marigayiya. Ba takalmin Shitu, ba na Dikko, sai sawun mata birjik, waɗanda suka zo kuka da waɗanda suka zo kallo. Bature ya fito daga ciki, ƙaton mutum, ya rame cikin kwana ɗaya. Ya dubi Mainasara ya ce, ba da ƙarfi ba, "Baba, in kana neman hanyar da za ka hidda shi na, ka bari. Ko 'yan sanda sun sake shi, ni ban sake shi ba."

La'asar ta yi, Mainasara ba shi da komai a hannu. Ya ji haushin kansa ƙwarai, don bai saba ƙasa ta yi masa shiru ba.

* * *

Ya karɓi mabuɗi wurin Magaji ya koma ɗakin Shitu shi kaɗai. Wannan karon ba sawu ya je nema ba, zama ya yi a dokin ƙofa ya rasa abin yi. Ɗakin na warin sifirit da ɗanyen itace. Ga risho, ga tukwanen gilashi, ga ganyaye an matse su tsakanin tsofaffin jaridu, ga kwalabe a jere cikin alkukin bango, kowace da takardarta, da gurbin guda ɗaya a tsakiya.

Yana nan zaune ya ga tururuwa. Layi guda suka yi, suna fitowa ta ƙarƙashin ƙofa kusa da ƙafarsa, kowace ta ɗauko ƙwayar gero. Ya daɗe yana kallonsu kafin abin ya dame shi. Ɗakin nan ba a ajiye hatsi a cikinsa, Shitu a ɗakin innarsa yake cin abinci. Ya tashi ya bi layin da ido, daga ƙofa zuwa gindin bango, daga gindin bango ya haura har alkuki. A gurbin kwalbar da ta ɓata, can ciki inda ido ba ya kaiwa sai an sa kai, akwai ɗan tsibin gero. Tururuwa sun kwashe fiye da rabi. Ba zubewa ya yi ba, ajiye shi aka yi, da alamar yatsu huɗu a gefensa.

Ɓarawo ba ya biya. Amma akwai gida ɗaya a ƙasar nan da ba sa ɗaukar magani hannu banza. Marka, innar su Mainasara, in za ta sassaƙi itace ko ta haƙi saiwa, sai ta yi masa sallama, ta zuba gero cikin tafi ɗaya a gindinsa, don a wurinta maganin da aka ɗauka ba a ba da komai ba sata ne, kuma ba zai yi aiki ba. Malami ba ya yi, masu maganin Bukkuyum ba sa yi, dariya ma suke yi wa abin. Marka ta rasu shekara hamsin da suka wuce, kuma mutum ɗaya ta koya wa.

Mainasara ya fito ya sake duban ƙasar da ya zagi mutane a kanta da safe. Ga shi nan, a gefen dokin ƙofa, ƙarƙashin sawun wasu: ƙafa ba takalmi, ƙarama, babban yatsan dama ya karkace. Da safe ma ya gan shi. Ya gan shi a zauren Bature. Ya tsallake shi kamar yadda mutum ke tsallake sawun kansa, don tun yana rarrafe yake ganinsa.

Ya koma ciki ya tattara sauran geron ya ƙulle a bakin rawaninsa.

A hanya ya sake tsayawa gidan makoki ya sa aka kira Aisatu.

"Kin ce ba wanda yash shigo. Hure hwa?"

"Hure?" Tsohuwar ta dube shi kamar ya zauce. "Ai Hure ta shigo duba Dija, kullum tana shigowa. Kai baƙo kat tambaye ni."

* * *

Ya sami Hure a tsakar gidanta, ta jingina da rumbu, jaririn Dija a cinyarta tana ɗiga masa nonon akuya da ɗan ƙaramin ludayi. An kawo mata shi ne kafin a sami mai shayarwa, don wa za a kai wa in ba ita ba? Tukwanen jiƙonta duk an kife su. Ta tsufa a kwana ɗaya fiye da yadda ta tsufa a shekara goma.

"Auta, ka dawo? Ka ci abinci?"

Ya tsuguna a gabanta, ya kwance bakin rawani, ya buɗe. Ta dubi geron, ta ci gaba da ɗiga nono har jaririn ya kau da kai.

"Numfashinta ya kai sai ta yi awa za ta tahi," in ji Hure a hankali. "Wata biyu ina ba ta jiƙona, ba ya yi mata komi. Na ce wa yaro shi ɗiba mani nashi, tunda saiwa ɗaya ta, ni nin nuna mishi. Yay yi dariya yac ce, Inna, wanga ba na sha ba na. Nic ce a raina, haka 'yan boko ka cewa, sun tace abu ya yi kyau sai su kai ma masu kuɗi birni. Na san inda mabuɗi yake."

"Nawa kib ba ta?"

"Ludayi guda. Yadda ni ka ba kowa, shekara arba'in." Ta share baki da bakin zane. "Na ɗanɗana da harshena, Auta. Ɗacinsa ɗaya da nawa. Ta sha tac ce Allah shi saka, nib bar mata sauran, nit tahi duba wata mai jego. Ina can nij ji kuka."

"Yaya, kin ga abin da anka yi ma yaron nan?"

"Na gani."

"Kin yi shiru."

"Tun jiya ni ka son tashi in tahi wurin Magaji, ƙahwahuna sun ƙi." Ta ɗago ta dube shi, kuma abin da ya gani a idonta bai taɓa ganinsa ba, tsoro ne tsagwaronsa. "Shi ɗan boko na. Shina da malamai, shina da Turanci, za su san yadda za su hidda shi. Ni wa za ya hidda ni? Shekarata saba'in. Ban taɓa kwana wani gari ba. Kai ɗai kas sani, Auta. Ka ce musu sawu ya ɓace. Ruwa ya yi, mutane sun tattake, wa za ya ce ka yi ƙarya?"

Ba wanda zai ce. Wannan shi ne abin da ya fi ci masa rai. Matar nan ta sayar da awakinta ta yi masa kaciya, ta hana kanta tuwo a shekarar yunwa ta ba shi, kuma tun da yake ba ta taɓa roƙonsa ko allura ba sai yau.

"Gobe da hantsi a ka taruwa zauren Magaji," ya ce. "Ki zo ki hwaɗi da bakinki. Za ni jira ki."

Ya ƙulle geron ya tashi. Ba ta kira shi ba, shi ma bai waiwaya ba.

* * *

Lahadi da hantsi motar 'yan sanda ta iso da laka har ƙofofinta, saje ɗaya da kurtu biyu. Zauren Magaji ya cika, waje ya cika. Aka zaunar da Shitu a tsakiya, Dikko a gefe da sandarsa, Malami an sauko da shi daga jaki ya miƙe ƙafa. Bature yana tsaye a bakin ƙofa ya harɗe hannu. Iyatu, innar Shitu, tana can bayan danga tare da mata, ana jin shessheƙarta.

Magaji ya ce Mainasara ya faɗi abin da ya gani. Mainasara ya fara da Dikko, ya bi sawunsa daki-daki, daga taga har ruga, ya wanke shi. Ya koma kan Malami, ya wanke shi, bai ko ambaci ƙafar ba. Bai taɓa yin doguwar magana irin ta ranar ba. Yana yi yana duban ƙofa, mutane suna zaton Bature yake kallo.

"Dattijo, rana tana yi," in ji saje. "In ba wani, mu tafi da wannan." Kurtu ya ciro ankwa.

Ƙofa dai ba wanda ya shigo. Mainasara ya kwance bakin rawaninsa ya zuba geron a kan tabarma gaban Magaji.

"Wanga nis samu inda kwalbar take. Wanda yaɗ ɗauke ta ya biya."

Yawancin mutane ba su gane ba, suka fara gunaguni. Malami ne ya leƙo ya gani, kuma mutumin da bakinsa ba ya rufuwa ya sunkuyar da kai ya ce innalillahi. Magaji ma ya gane, don tsoho ne. Ya dubi Mainasara kamar yana roƙonsa ya tsaya nan.

"Wane ne?" saje ya tambaya.

"Hure ta. Yayata." Muryarsa ba ta yi rawa ba, kuma ya tsani kansa saboda haka. "Ta ɗauka don ta warkar da Dija. Ta ba ta ludayi guda awa jiƙo. Ba ta san kwando biyu na cikin kwalbar ba."

Bature ya saki hannuwan da ya harɗe. A hannun Hure aka haife shi, a hannunta aka haifi Dija, a hannunta aka haifi ɗansu. Ya nemi inda zai sa fushin da ya kwana biyu yana riƙo, ya rasa, sai ya sulale ya zauna a ƙasa ya rufe fuska.

Saje ya ɗaga kwalbar ya karanta jan rubutun, ya ce ai ga shi an rubuta guba ce, kada a sha.

"Da wane harshe?" in ji Mainasara.

"Turanci."

Mainasara ya juya ga Shitu. "Sati shida tana yawo da kai cikin daji, ta hwaɗa maka duk abin da tas sani, ba ta rage komi ba. Kai ko sau ɗaya ka zaunar da ita ka hwaɗa mata abin da kay yi ma saiwarta?"

Shitu ya cire tsagaggen gilashinsa. Ya fara cewa ya gaya mata ba na sha ba ne, sai ya kifa kai a gwiwa yana kuka kamar ƙaramin yaro. Ba wanda ya rarrashe shi.

* * *

Ba a sha wahalar ɗauko ta ba. Kuratan nan biyu suka same ta zaune inda Mainasara ya bar ta jiya, da jaririn goye a bayanta. Ta taho a tsakiyarsu a hankali, mutane suna darewa, ba wanda ya zage ta, ba wanda ya gaishe ta. A gaban mota ta kwance goyon ta miƙa wa Aisatu, ta ce a riƙa ɗumama nonon kafin a ba shi. Saje ya sa Shitu a gaba, don zai rubuta bayani a Gummi ya dawo. Ita aka ɗora ta a baya, kurtu ɗaya ya tallafa mata don ba ta taɓa hawa mota ba.

Mainasara ya matso ya kama ƙarfen motar. "Yaya."

Ta dubi hannunsa, ba fuskarsa ba, ta ja mayafi ta rufe kanta. Mota ta tashi.

Jama'a ba su watse ba tukuna sai ga wata mata ta ɓullo daga unguwar masaƙa da sauri, zane a hannu, ba ta san abin da ake ciki ba. Ta ce Balaraba matar ɗanta ce naƙuda ta kama tun safe, haihuwar fari, kuma ɗan ya zo ta ƙafa. Ta je gidan Hure ba kowa.

"Ina Hure? Don Allah ku hwaɗa mani inda take."

Ɗaya bayan ɗaya suka juyo suna duban Mainasara, har Magaji, har Iyatu wadda ɗanta ya tsira. Matar ta bi idonsu, ta zo ta tsaya a gabansa tana haki, tana jira ya gaya mata.